Burauza Ta Buɗe Ta Rufe: Yadda Ake Gano Abin Da Ya Karya Sikirif Ɗin Bincike Na Selenium

Cikin ayyukan da masu koyon Python suka fi ɗokin gwadawa akwai rubuta ɗan sikirif da zai buɗe burauza da kansa, ya shiga shafin bincike, ya rubuta kalma a akwati, ya danna Enter, duk ba tare da an taɓa kibod ba. Layukan ba su cika wuce goma ba, kuma a bidiyon YouTube komai yana tafiya sumul. Rigimar tana farawa ne idan mai koyo ya kwafi layukan nan zuwa tasa kwamfutar. Ko dai jan rubutu ya cika allo, ko Chrome ta buɗe ta rufe cikin ƙiftawar ido, ko kuma ta buɗe ta tsaya cak ba ta rubuta komai ba.

A wannan gaɓa ne matasa da yawa suke yanke wa kansu hukuncin cewa kansu ba ya ja, su rufe kwamfuta su haƙura da koyon gaba ɗaya, bayan sun ƙona data wajen sauke abu ɗaya sau uku. Alhali a mafi yawan lokuta laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne. Darasin da suka bi an ɗauke shi ne shekaru uku ko biyar da suka wuce, kuma daga lokacin zuwa yau Selenium ya canza, Chrome ta canza, shafin binciken ma ya canza. Wanda ya san wurin da kowane canji yake cizo zai iya gyara sikirif ɗinsa cikin mintuna.

Hannu biyar ne a cikin aikin

Selenium, kayan aikin da akasarin irin waɗannan sikirif suke dogara da shi, Jason Huggins ne ya fara shi a 2004 a kamfanin ThoughtWorks, domin gwada shafukan intanet ba tare da mutum ya zauna yana danne-danne ba. Daga baya aka haɗe shi da WebDriver na Simon Stewart, aka fitar da Selenium 2 a 2011. A 2018 hukumar W3C ta mayar da WebDriver ƙa'idar da manyan burauzoji suke bi, sannan Selenium 4 ya fito a watan Oktoban 2021. Waɗannan shekaru suna da amfani ga mai gyara, domin ranar da aka ɗora bidiyo ita ce take nuna wane Selenium mai bidiyon yake magana a kai.

Idan sikirif yana gudana, abubuwa biyar ne suke miƙa wa juna saƙo. Python shi ne mai aike. Selenium tafinta ne, yana juya umarnin zuwa yaren da burauza take ji. ChromeDriver direba ne. Chrome ita ce motar. Shafin da ake nufa kuwa hanya ce, kuma hanya ba ta mai mota ba ce: masu ita suna iya canza ta ko su kafa shinge duk lokacin da suka ga dama.

Saboda haka tambayar farko ba "me ya sa ba ya aiki" ba ce. Tambayar ita ce: ina tafiyar ta tsaya? Amsar tana cikin jan rubutun da yake tsorata mutane. Ana karanta shi ne daga ƙasa zuwa sama. A nemi layin da yake ɗauke da sunan kuskuren, wanda kusan kullum yake ƙarewa da Error ko Exception, sannan a haura sama har a ga sunan fayil ɗin mai koyo da lambar layin da ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan sunan shi ne yake faɗin dalili.

Idan burauza ba ta ma buɗe ba

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ModuleNotFoundError, wato Python bai ga Selenium ba, ko da mai koyo ya rantse ya sauke shi. Yawanci kwamfutar tana da Python fiye da ɗaya, aka girka Selenium a ɗaya, ake gudanar da sikirif da ɗayan. Maganin shi ne a girka ta bakin Python ɗin da ake amfani da shi:

python -m pip install --upgrade selenium

Akwai wani tarko mai ban dariya da ban haushi. Mai koyo yakan sa wa fayil ɗinsa suna selenium.py. Idan Python ya zo neman Selenium, foldar da sikirif yake ciki yake fara dubawa, sai ya ɗauko fayil ɗin mai koyo a madadin na ainihi. A canza sunan zuwa wani abu kamar bincike.py, matsalar ta kau.

Na biyu shi ne SessionNotCreatedException, wanda yake zuwa da bayanin cewa wannan ChromeDriver sigar Chrome kaza kawai ya sani. A 2021 Google ta fara fitar da sabuwar sigar Chrome kusan duk mako huɗu, kuma burauzar tana sabunta kanta ba tare da ta nemi izini ba. Direban da aka sauke da hannu kuwa yana nan yadda aka bar shi. Shi ya sa sikirif yake aiki a wannan wata, ya mutu a wata mai zuwa, ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba.

Tun daga siga ta 4.6, wadda ta fito a Nuwamban 2022, Selenium yana zuwa da wani ɗan aike mai suna Selenium Manager, wanda yake duba sigar Chrome ya sauko da direban da ya dace da ita. Don haka yanzu layi ɗaya ya wadatar:

direba = webdriver.Chrome()

Tsofaffin darussa suna cewa a rubuta executable_path a nuna inda direba yake. An cire wannan a siga ta 4.10 a 2023, kuma duk wanda ya rubuta shi yau zai ci karo da TypeError. A goge shi, a kuma goge duk wani tsohon chromedriver.exe da aka ajiye a kwamfutar, domin idan Selenium ya gan shi yana iya ɗaukarsa ya bar sabon.

Abu biyu ya kamata mai tattalin data ya sani. Selenium Manager yana buƙatar intanet a karon farko, kuma idan bai sami Chrome a kwamfutar ba yana iya sauko da wata ta musamman mai nauyin fiye da megabayit 100. Sannan masu tsofaffin kwamfutoci da har yanzu suke kan Windows 7 su sani cewa Chrome 109 ce ta ƙarshe da take aiki a kai, haka Python 3.8. A irin wannan kwamfuta ba sabon komai ake nema ba, wanda ya dace da juna ake nema.

Idan ta buɗe amma ta tsaya, ko ta rufe nan take

Chrome ta buɗe, shafi ya fito, sai ga AttributeError yana cewa babu wani abu mai suna find_element_by_name. Wannan tabbatacciyar alama ce ta tsohon darasi. An cire dukkan umarnin da suke farawa da find_element_by a siga ta 4.3, a watan Yunin 2022. Sabon salon shi ne:

from selenium.webdriver.common.by import By
akwati = direba.find_element(By.NAME, "q")

Ita kuwa burauzar da take rufewa da kanta, sau da yawa ba kuskure ba ne ko kaɗan. Sikirif ya gama aikinsa, Python ya fita, direba ya mutu ya tafi da motar. Komai ya faru daidai, sai dai ya fi ido sauri. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa input() a layin ƙarshe, sikirif ya jira har a danna Enter. A tabbata kuma an rufe da direba.quit(), domin burauzojin da aka bari a baya suna taruwa su cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta, musamman mai RAM gigabayit 4.

Idan ta ce ba ta ga akwatin ba

NoSuchElementException shi ne sarkin kurakuran wannan aiki, kuma dalilansa uku ne: an nema da wuri, abin ya canza, ko kuma shafin da ya fito ba shi ne wanda ake zato ba.

Na farko shi ne gaggawa. Sikirif ba ya haƙuri irin na ɗan Adam. Ya danna Enter, nan take ya nemi sakamako, alhali shafin bai gama saukowa ba. Darussa da yawa suna toshe wannan da time.sleep(3), wato a jira daƙiƙa uku. Daƙiƙa ukun nan an auna su ne da intanet ɗin mai bidiyo. Wanda yake jona kwamfuta da hotsifot ɗin wayarsa, sabis yana hawa yana sauka, wani lokaci daƙiƙa biyu ta isa, wani lokaci goma sha biyar ba ta isa ba. Shi ya sa sikirif yake aiki da asuba ya ƙi da magariba. Abin da ya dace shi ne a jira abin da ake nema, ba agogo ba. Ga cikakken misali a kan shafin Wikipedia:

from selenium import webdriver
from selenium.webdriver.common.by import By
from selenium.webdriver.common.keys import Keys
from selenium.webdriver.support.ui import WebDriverWait
from selenium.webdriver.support import expected_conditions as EC

direba = webdriver.Chrome()
jira = WebDriverWait(direba, 20)
direba.get("https://www.wikipedia.org")
akwati = jira.until(EC.element_to_be_clickable((By.ID, "searchInput")))
akwati.send_keys("Zinder" + Keys.RETURN)
kanu = jira.until(EC.visibility_of_element_located((By.ID, "firstHeading")))
print(kanu.text)
direba.quit()

WebDriverWait yana leƙawa duk rabin daƙiƙa. Da zarar akwatin ya bayyana sai ya wuce, idan kuma daƙiƙa 20 ta cika bai gani ba sai ya ba da TimeoutException. Babu ɓata lokaci idan sabis yana da kyau, babu faɗuwa idan ya ɗan ja ƙafa.

Dalili na biyu shi ne canjin shafi. Shekaru da yawa akwatin binciken Google nau'in input ne a cikin HTML. A 2023 aka mayar da shi textarea. Duk sikirif ɗin da ya ce a nemo input mai suna q ya daina aiki, amma wanda ya nema da By.NAME kawai ya tsira, domin sunan q bai canza ba. Darasin a nan shi ne a kama abu ta inda ba ya saurin canzawa. Dogon XPath da ake kwafowa daga burauza kamar kwatancen gida ne da ake cewa "lungu na uku, ƙofa ta biyar": ana gina shago ɗaya a layin, lissafi ya rushe. Haka sunayen class masu kama da haruffan da aka watsa, injin ne yake ƙirƙirarsu kuma yana canza su ba sanarwa. Suna ko ID mai ma'ana ya fi daɗewa.

Dalili na uku shi ne shafin ya fito da wata fuska. Google tana da fuskar Hausa, tana da ta Faransanci da mai koyo a Maraɗi ko Yamai zai iya gani, don haka sikirif ɗin da yake neman maɓalli ta rubutun Turancin da ke kansa zai dawo hannu rabbana. Mai amfani da VPN da ya fito ta wata ƙasar Turai zai iya cin karo da shafin neman amincewa kafin ya ga akwatin bincike. Idan kuma ana gudanar da Chrome a ɓoye, ba tare da taga ta bayyana ba, girman tagar yakan zama ƙarami, sai wasu shafuka su naɗe akwatin binciken su bar ɗan hoton madubi, a sami ElementNotInteractableException. Ana gyara wannan da faɗa wa Chrome girman taga, misali --window-size=1366,768.

Hanyar rarrabe waɗannan ukun ɗaya ce, gani ya kori ji. A sa waɗannan layuka daf da inda sikirif yake faɗuwa:

print(direba.current_url)
direba.save_screenshot("hoto.png")

Hoton zai nuna ainihin abin da burauza take gani a wannan daƙiƙar, ba abin da mai koyo yake zato ba.

Idan kalma ta farko ta wuce, ta biyu ta faɗi

Mataki na gaba ga kowane mai koyo shi ne jera kalmomi goma a bincika su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta tafi lafiya, ta biyu ta kawo StaleElementReferenceException. Abin da ya faru shi ne an nemo akwatin sau ɗaya kafin a shiga zagayen. Da aka danna Enter, tsohon shafi ya tafi da akwatinsa, sabon shafi ya zo da wani akwatin mai kama da shi. Sikirif yana riƙe da makullin gidan da aka riga aka rushe. Gyaran shi ne a mayar da layin neman akwatin cikin zagayen, a sake nemo shi kowane karo, a kuma share shi da clear() kafin a rubuta sabuwar kalma, in ba haka ba kalmomin za su manne da juna.

Matsalar da masu Hausa kaɗai suke ji a jikinsu

Akwai kuskuren da darasin Turanci ba zai taɓa ambata ba, domin mai shi bai taɓa haɗuwa da shi ba. Sikirif ya yi bincike lafiya, ya zo adana sakamako a fayil, sai ga UnicodeEncodeError yana ƙorafi a kan \u0199. Wannan lamba ita ce harafin ƙ. Ta ɗ ita ce \u0257, ta ɓ kuma \u0253. A kan Windows, Python yakan buɗe fayil da tsohon tsarin haruffa na yammacin Turai, wanda bai san haruffa masu lanƙwasa ba. A faɗa masa tsarin da ake so ƙarara:

fayil = open("sakamako.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="")

Da utf-8 kaɗai kuskuren zai tafi, amma idan za a buɗe fayil ɗin da Excel, utf-8-sig ne yake hana "ƙasa" ta koma wasu alamomi marasa kan gado.

Idan shafin ne ya ce a'a

Akwai lokacin da sikirif ba shi da aibi ko ɗaya, amma hoton allo ya nuna shafin Google yana cewa ya ga zirga-zirgar da bai yarda da ita ba, tare da akwatin tabbatar da cewa mutum ne ba inji ba. Wannan ba kuskuren da ake gyarawa ba ne, shinge ne aka kafa da gangan.

Burauzar da Selenium yake tuƙawa tana bayyana kanta: ƙa'idar WebDriver ta tanadi wata alama mai suna navigator.webdriver da kowane shafi zai iya dubawa. Fayil ɗin robots.txt na Google ya hana injuna shiga sashen /search, dokokin amfani da shafin ma sun hana aika bincike ta inji ba da izini ba. Akwai kayan da ake tallatawa cewa suna ɓoye wannan alama, amma wasan kyanwa da ɓera ne, yau su yi aiki gobe a toshe su, wasu kuma da ake rabawa a rukunonin Telegram babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu.

Abin bai tsaya kan mai sikirif ba. Kamfanonin layin waya sukan raba adireshin IP guda ga masu amfani da yawa a lokaci ɗaya, don haka wanda ya yi ta jefa bincike ɗaruruwa yana iya jawo wa wasu da ba su ji ba su gani ba wannan shingen.

Wani dalilin da yake kai matasa ga irin wannan sikirif shi ne tara maki a Microsoft Rewards, tsarin da yake ba da lada ga masu bincike da Bing. Dokokin tsarin sun haramta amfani da inji, kuma hukuncin shi ne dakatar da mutum daga tsarin tare da asarar makin da ya tara. Wanda ya yi watanni yana tarawa zai iya wayar gari babu komai. Haka nan bai kamata a shigar da babban asusun Gmail ko Outlook cikin sikirif ɗin gwaji ba, balle a rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin da gobe za a iya tura wa aboki ko a ɗora a GitHub.

Mai neman ƙwarewa yana da filayen atisaye da aka gina don wannan, irin su quotes.toscrape.com da books.toscrape.com da the-internet.herokuapp.com. Mai neman bayanai kuwa, ya fara duba ko shafin yana da API, wato ƙofar da aka tanada musamman domin manhajoji. Wikipedia tana da ita kyauta, har da ta Hausa:

https://ha.wikipedia.org/w/api.php?action=query&list=search&srsearch=Kano&format=json

Wannan adireshi yana dawo da sakamakon bincike tsurarsa, babu hotuna, babu burauza, babu direba, kuma datar da yake ci ba ta kai ta buɗe cikakken shafi ba. Abin da Wikimedia take buƙata shi ne sikirif ya bayyana kansa ta User-Agent, kuma kada ya yi wa sabar ruwan buƙatu.

Wanda waya kaɗai gare shi fa?

Da yawa daga masu koyo a wayar Android suke rubuta Python, ta Termux ko Pydroid 3. Layin webdriver.Chrome() yana neman Chrome irin ta kwamfuta ne, ba zai kama Chrome ɗin da ke kan wayar haka kawai ba, don haka kuskuren da yake fitowa ba alamar gazawa ba ce. Hanya mafi sauƙi a waya ita ce ta API ɗin da aka ambata, tare da laburaren requests, wanda yake aiki lafiya a Termux. Idan buƙatar kawai a buɗe shafin sakamako ce, ba a buƙatar Selenium sam: bincike adireshi ne kawai da kalmar a ƙarshensa. Ana gyara kalmar da quote_plus daga urllib.parse domin tazara da haruffa masu lanƙwasa su shiga daidai, sannan a buɗe adireshin da umarnin termux-open-url. Wanda ya dage sai Selenium zai iya amfani da Google Colab ta burauzar wayarsa, inda sikirif yake gudana a kwamfutocin Google, amma sai ya girka burauzar a can kuma ya gudanar da ita a ɓoye.

Kafin a nemi taimako

Idan an bi duk wannan abin ya ƙi, tambaya ba laifi ba ce, amma yadda aka yi ta shi ne yake kawo amsa. "Sikirif ɗina ba ya aiki, a taimaka" ba ya ba kowa abin kamawa. Mai tambaya ya kawo sigar Python, sigar Selenium da umarnin pip show selenium yake nunawa, sigar Chrome, cikakken saƙon kuskuren a rubuce ba hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace ba, da kuma mafi gajartar sikirif ɗin da har yanzu yake faɗuwa. Sau da yawa, wajen rage layukan nan ne mai tambaya yake ganin amsar da idonsa kafin ya tura.

Ɗabi'a biyu suna rage rabin wahalar tun daga tushe: a duba ranar da aka ɗora darasi kafin a bi shi, a kuma canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, domin wanda ya canza uku a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ba. Sikirif ɗin da yake aiki yau ma wata rana zai karye, idan Chrome ta sabunta ko shafi ya sauya fasali. Kamfanoni suna biyan masu gwajin manhaja albashi ne a kan wannan aikin na ganowa da gyarawa, kuma mai koyon da ya zauna ya karanta jan rubutun nan har ya fahimce shi ya riga ya fara koyon sana'ar.